Wanda ya bi ta sama bai kawo labarin Baba ba

Baba ya bar garinmu Gazawa da ƙafa zuwa Makka ina da shekara huɗu. Haka ake tafiya a lokacin: mutum ya nufi gabas ta ƙasar Cadi, ya tsaya inda guzuri ya ƙare, ya yi ƙwadago, ya ƙara gaba. Ba wasiƙa. Amma hanyar ɗaya ce, masu zuwa da masu dawowa suna haɗuwa a zango, saboda haka duk alhajin da ya iso gida yana ɗauke da labarin mutanen da ya wuce.

Da wannan Inna ta rayu. In ta ji wani ya sauka, ko a can garin Agiye ne, sai ta dama fura ta kama hannuna mu tafi. Wani ya ce ya ga Baba yana ɗinki a wata kasuwar Cadi. Bayan shekara biyu wani ya ce ya bar shi a Sudan yana tsinkar auduga, ya rame amma lafiyarsa lau. Kowane labari yakan riƙe ta damina guda.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, kawuna, yayan Inna, mai sayen gyaɗa, ya ce shi jirgin sama zai hau daga Kano. Kafin ya tashi Inna ta yi ta nanata masa kamannin Baba, har da tabon da ke haɓarsa, kamar ba tare suka yi ƙuruciya ba.

Bai cika wata biyu ba ya dawo. Zaure ya cika, yana ta bayani: sun yi asuba a Kano, kafin wata asubar suna Jidda. Tsofaffi suna dariya, wani ya ce, "Alhaji, kai dai leƙe ka je, ko takalminka bai san ka yi tafiya ba."

Inna ta jira mutane suka ragu.

"Yaya, ka gan shi a hanya?"

"Wace hanya, ƙanwata? Ai ba mu bi hanya ba. Ta samanta muka wuce."

"To ba ka leƙa ƙasa ba?"

"Na leƙa. Gajimare ne, sai jan ƙasa can nesa. Ko gari ba ka ganewa, balle mutum."

Ta ce to, ta ɗauki ƙwaryarta muka fito.

Daga nan masu hali suka koma jirgi, masu dawowa da ƙafa suka yi ta raguwa har suka ƙare. Labarin auduga shi ne na ƙarshe da muka samu.

Ina da furfura na hau jirgin nan ni ma. Na roƙi wani ya bar mini kujerar taga. Aka ce muna saman Sudan, aka miƙo mini shayi. Kafin in gama juya kofin a hannu an ce ga teku. Ƙasar da ta riƙe Baba shekaru ke nan.

Da na dawo, Inna ba ta gani sosai. Ta shafa fuskata ta yi mini barka, sannan ta ce, "Ka leƙa ƙasa?"

Na ce, "Na leƙa, Inna. Tun daga Kano ban ɗauke ido ba."