Ɓerayen da Na Yi Kiwo a Gusau

A shekarata ta ƙarshe ta karatu a Gusau na yi kiwon fararen ɓeraye. Malaminmu ya sa na raba su keji biyu. Na farko ina ba su dusa da waken suya da garin kifi, na biyu dusa zalla. Daga baya muka ɗura wa dukansu ƙwan tsutsar ciki, mu ga wanda jikinsa zai kore ta.

Kullum da safe nakan kwashe kashinsu in duba a madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Masu cin mai kyau suka yi 'yan kwanaki a takure, sai ƙwan ya fara raguwa a kashinsu har ya ɓace. Garkuwar jikinsu ta yi aikinta. Na keji na biyu kuwa gashinsu ya tashi, ciki ya kumbura, suna taruwa a lungu guda.

Ana cikin haka na je Tsafe gaida yayata. Ita da mijinta sun baro ƙauye da gonarsu saboda rashin tsaro, suna zaune a ɗakin aro. Ɗiyarta mai shekara uku na kwance a tabarma, ƙafafu kamar sillen kara, ciki a gaba. Da na ɗaga ta ban ji nauyin komai ba.

Yaya ta ce, "Mun ba ta maganin tsutsa har sau biyu. Ta fita, ta dawo."

Na ce, "Magani kaɗai ba zai riƙe ta ba, Yaya. Sai da wake, da ƙwai, ko ƙuli-ƙuli ne."

Ta dube ni, ta dubi tukunyar kunu. Kunya ta kama ni.

Na koma Gusau na auno wake da gyaɗa, na ba wani direba ya kai mata. Satin da ya biyo na sake aikawa. Aka ce yarinyar ta fara zama da kanta, har tana neman ɗumame. Sai damina ta kankama, gudawa ta same ta. Kafin su kai asibiti ta cika a bayan Yaya, a kan babur.

Bayan addu'ar uku na dawo makaranta, na tarar ranar feɗe ɓerayen ta zo. Na ɗauki na farko daga keji na biyu, na ga kumburarren cikinsa, na kasa sa masa almakashi. Malam ya karɓi almakashin, ya ce in je waje in zauna. Shi ya ƙirga tsutsotsin, yana faɗa mini ta taga ina rubutawa.