Mangwaro Bakwai a Cikin Gandu

Mai Adda ake ce masa, in ka nemi sunansa na gaskiya a ofishin gandun dajin sai an buɗe fayil. Shekara talatin da ɗaya aikinsa bai canja ba: ya sare ciyawa da ƙaya a hanyoyin ƙafa, ya shafa jan fenti a jikin duwatsu don kada masu yawon shan iska su ɓata. Da fentin da komai sai sun ɓata. Mutanen birni ne, ranar hutu suke cika mota da tabarmi da kuloli, su ga ƙadangare su yi ta ɗaukarsa hoto sai ka ce zaki suka gani. Shi dai nasa ido, in sun yar da leda ya bi ya tsince.

Kafin a kira wurin gandu, ƙauyensu ne. A shekarar da hukuma ta ce dajin ya zama na namun daji da masu hutawa, ta kwashe mutane ta zube su a bakin titi bayan wayar shinge, a ita matarsa ta rasu wajen haihuwa. Rafi ya cika ya tare hanyar maƙabarta, aka binne ta a bayan gida. Wata huɗu tsakani aka rushe gidan. Kabarin bai shiga takardar kowa ba.

Da aka zo ɗaukar leburori sai aka sa sharaɗi: duk wanda ya bar wani abu nasa a ciki, gona ko rumbu ko kabari, ba a ɗaukarsa, wai zai riƙa jawo dangi. Mai Adda ya dangwala yatsa cewa ko tsinke bai bari ba. Ƙarya ya yi, kuma bai taɓa yin nadama ba, don da ita ya sami aikin da mabuɗin ƙaramar ƙofar gandun.

Ya karkatar da hanyar ƙafa nesa da inda matarsa take kwance. Ya binne ƙwallon mangwaro bakwai kewaye da kabarin, ya yi ta yi musu dakon ruwa a jarka har suka kama ƙasa. Duk shekara da ciyawa ta fara bushewa sai ya sare ta zagaye, faɗin taku goma, ya kwashe tas, saboda gobarar daji ba ta fashi kuma ba ta sallama. Ba wanda ya sa shi. Da hantsi yake zuwa, ya share ganye, ya gyara duwatsun da ya jera, ya zauna ya ba ta labarin gida: wa ya haihu, wa ya mutu, yadda gwiwarsa ta fara ciwo. Kewarta bai taɓa sakinsa ba, ya dai saba da ita ne.

Jaririyar da ta bari ta rayu, yanzu tela ce, kekenta na zaure, 'ya'yanta uku. Ba ta taɓa ganin kabarin ba, don mai tikiti ba ya sauka daga hanya. In ya dawo da yamma, ba tare da ta ɗago kai daga ɗinki ba take tambaya.

"Baba, ka je?"

"Na je."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Na bakwai ɗin nan ne dai har yau ya ƙi yin 'ya'ya, halin kawunki ya ɗauko."

Sai aka kawo sabuwar manaja, mace mai ƙwazo, irin waɗanda ba sa yarda da taswira sai sun taka da ƙafa. Wata rana ta ce ya raka ta, ta sauka daga hanya, ta kutsa cikin ciyawa, ta ɓullo a inuwar mangwaron. Ta tsaya baki sake. Duk faɗin gandun babu wuri mai sanyi da tsafta kamarsa, kuma laifin wa? Shi ya share shi da hannunsa.

"Baba, wuri irin wannan kuka ɓoye mana? Ai nan ya kamata iyalai su riƙa zama su ci abinci."

Ya ce akwai macizai. Ta yi dariya ta ce ko'ina akwai. Ya ce ruwa na kwanciya da damina. Ta dubi ƙasar, tudu ce. Ta fara aunawa da taku: bencina nan, tebura can. Ta zo daidai duwatsun ta nuna da biro.

"Nan kuma a haƙa ramin banɗaki. Ga duwatsun gini ma a ajiye."

Kwana uku bai iya cin abin kirki ba. In ya yi shiru za a haƙa. In ya yi magana, yatsansa na nan a fayil, mabuɗin kuma na ofis ne. Ran Litinin da safe leburori biyu suka iso da diga da shebur, manaja na biye. Suka tarar da shi a tsaye a gaban duwatsun, addarsa a ƙasa.

"Baba, matsa mana mu fara, rana na yi," in ji ɗaya.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "matata ce a nan."

A ba ta haƙƙinta, matar nan ta ji abin har ranta. Ta rufe baki da hannu, ta sallami leburorin, ta ba shi haƙuri ya fi sau goma. Amma aikin da aka ba da izininsa ba ya tsayawa babu dalili, dalilin kuma sai an rubuta shi an aika sama. Can suka buɗe fayil. Kafin damina ta faɗi takarda ta dawo: a kewaye wurin da waya, kada kowa ya shiga, a sallami tsohon.

Ranar da ya miƙa mabuɗi manajar ta kasa haɗa ido da shi.

"Na yi iya ƙoƙarina, Baba, wallahi."

"Na sani, 'yata. Abu ɗaya nake roƙo. In ciyawa ta bushe, a sa a sare zagaye. Taku goma."

Ta rubuta a littafinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Kafin ciyawar ta bushe aka yi mata canjin wurin aiki, ta tafi da littafin.

Da rani ya yi, wata rana da tsakar rana ya ga hayaƙi, yana zaune a ƙofar gida. Bai buƙaci a faɗa masa daga ina yake tashi ba. Ya je bakin babbar ƙofa ya roƙa, masu gadin da ya koya wa aiki suka ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka fi mu sanin doka." Wutar ta ci wayar da sandunanta da mangwaron bakwai. Sabon manajan da bai san komai ba ya ga fili ya ƙone, ya sa tarakta ta tumɓuke kututturan, ta baje ƙasa, aka dasa sababbin itatuwa layi-layi. Har yabo ya samu.

Da ya ji an buɗe ɓangaren ga masu yawo, 'yarsa ta rufe kekenta ta yanki tikiti biyu. Suka tako a hankali saboda gwiwarsa. Filin ya miƙe sumul, 'yan tsirrai ɗaruruwa, kowanne da sandarsa, babu dutse ko ɗaya. Ya je gabas ya dawo, ya auna da taku daga inda yake zaton itacen farko yake, ya sake aunawa daga wani wurin. Tana biye da shi, ta riƙe mayafinta a ƙirji.

"Baba, ina ne?"

Shekara talatin da biyu tana jiran ta yi wannan tambayar. Ya ɗaga hannu ya nuna tsakanin wasu tsirrai biyu.

"Nan."

Ta durƙusa, ta dafa ƙasar da tafin hannu biyu, ta ce, "Inna, ni ce," kuka ya ƙwace mata. Shi kuwa yana tsaye a bayanta, idonsa na kan wani wuri taku biyar gaba, da ya ga kamar ya fi kama.