Burgamin da Na Ba Yayana

Malam Edita, a yi mini haƙuri da rubutuna, da furfura a gemu na fara riƙe fensir a ajin manya na nan Bawku. A da ni maharbi ne, a wani ƙauye da ke yammacin Salaga. Ina da bindiga adaka wadda na gada daga kawuna, ina da ido, kuma ba na gaggawa. Nakan zauna gindin itace tun hantsi har rana ta karkata, ƙuda na bin fuskata ban kore shi ba. Mutane suna yaba mini wannan haƙuri, ni ma na yarda da su, har na ɗauka mai haƙuri irina ba ya kuskure.

Maƙwabcina mutumin Gwanja ne, leburan hanya, ya girme ni da kaɗan, Yaya nake ce masa. Kwana shida yana fasa dutse yana cike ramukan titi, ranar Lahadi kaɗai yake samun duba 'yar gonarsa ta doya. Wata shekara na harbi gada mai kyan fata, na jeme ta da gashinta, na ɗinka masa burgami, wato jakar ratayawa, don ya riƙa zuba guzuri. Ya yi murna ƙwarai. Matarsa kuwa, wadda muke wasa da ita kamar yadda ake yi da matar wa, ta ce ai gara da na kawo naman, fata ba ta shiga miya.

A farkon wata damina aka tara mu ƙofar gidan sarki, akawun kansil ya ce mata sun kai kuka, suna so a hana harbi da bindiga ranar Lahadi. Matar Yaya ce ta yi magana da bakinsu. Ta ce ranar nan leburori ba sa aiki, makaranta a rufe take, kowa yana daji, masu tsintar kaɗanya da masu itace da masu gona, ita kam ta gaji da jin ƙarar bindiga a bayanta tana sunkuye. Ni ban saurari wannan ba. Kalmar Lahadi kawai na ji, sai na miƙe na ce wannan ranar masu coci ce, mu Musulmi me ya haɗa mu da ita, yau a hana mu harbi, gobe a ce mu rufe kasuwa. Na juya na tambaye ta ko gada ma tana zuwa coci ne. Aka fashe da dariya. Ta ce to, sarkin baka, ita ba coci ta ambata ba, bayanta ta ambata. Dariya ta danne muryarta. Aka ce a bar maganar tukuna, na koma gida ina jin na kare addini.

Lahadi ta uku bayan wannan taro na shiga daji da sassafe. Ciyawa ta kai gwiwa. Na zauna kusa da wani kwari inda na san gada na bi, na daɗe, sai na hangi jan gashi yana motsi cikin ganye, yana sunkuyawa yana ɗagowa. Ban yi gaggawa ba, shi ne abin da ya fi cin raina har yau. Na duba, na sake dubawa, na tabbata fatar gada ce, kuma ita ce. Na ja kunama. Abin da na ji bayan ƙarar salati ne. Yaya ne, ya gama saran sandunan da zai kafa wa doyarsa, ya sunkuya yana ɗaure su, burgamin na bisa bayansa.

Burgamin ya tare wasu daga cikin ƙarafan da na ɗura, sauran suka shige kafaɗarsa ta dama. Na goya shi har bakin titi, wata babbar mota ta kai mu asibiti. A hanya yana ta ce mini in daina kuka, ina jiƙa masa riga. Ya rayu, amma hannun ya shanye, ba ya ɗaga guduma, aikin hanya ya ƙare. Da 'yan sanda suka zo, ya ce musu tsautsayi ne, ni ƙanensa ne, ba zai kai ƙara ba. Suka karɓe bindigar suka sake ni. Matarsa ba ta zage ni ba ko sau ɗaya. In mun haɗu a hanyar rijiya sai ta gaishe ni da sunana sak, kamar baƙo. Wasan ya mutu.

Kuskurena na biyu ya fi na farko girma. Doyarsa na buƙatar hannu, ni kuma ina da biyu, amma na kasa jure ganin wancan hannu yana lilo cikin riga. Kafin kaka na tattara na tafi Yendi, na ce zan nemi aiki in dawo. Na yi shekara huɗu ina dakon goro a kasuwa, ina kwana a zauren wani malami. Malamin ya sha ce mini tuba ba ta cika daga nesa, in koma. Kullum sai in ce bayan salla. Daga nan na bi masu shanu zuwa Bawku, na ƙara nisa.

A nan wani direba ɗan garinmu ya same ni a kara, kasuwar shanu, ya miƙo mini ƙunshi. Burgamin ne, da hudojinsa. Ya ce Yaya ya ce a gaya mini ɗinkina ya yage, mai ɗinki ya zo ya gyara, kuma harbin bai taɓa riƙe shi a zuci ba, tafiyar ce ba ta yi masa daɗi ba. Na ce zan zo in an yi girbi. Na sake yin haƙurin nan nawa, na jira in sami ƙarfin zuciya. Kafin girbi direban ya dawo ya ce an binne Yaya.

Abin da ya sa na rubuto, na ji a ajinmu ana gardama cewa wasu ƙauyuka sun sake ta da maganar harbin Lahadi, wani ɗan uwa yana faɗin abin da na faɗa ƙofar sarki, kusan kalma da kalma. Da na koma gida sai na ɗauki fensir. Ni ba na cewa farauta haramun ce, da ita na ci na sha. Amma ku tambayi wa ke cikin daji a ranar, ku bar tambayar ranar ta wane ce. Kwana shida sun ishi maharbi. In mace ta ce tana tsoro, ku bar dariya ku ji ta. Wanda kuma ya riga ya cuci wani, ya zauna kusa da shi ya yi masa noma, ko da kallonsa na ƙona shi.

Burgamin yana wurina, a ciki nake sa littafin karatuna. Ban ɗinke hudojin ba. Fensirina yakan zube ta ɗaya daga cikinsu a hanyar aji, in sunkuya in ɗauka.