Ranar da Na Ƙi Hawa da Tuwo

Abubuwa da yawa sun zube mini a kai yanzu, har jikokina sai na kira biyu ko uku kafin in dace da wanda nake nufi. Amma makon da aka ja mana wutar lantarki a gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka, wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Gidan namu siriri ne mai hawa uku, irin ginin Makka na da. Madafi a ƙasa, majalisar baƙi a tsakiya, ɗakin Baba can sama inda iska take. Baba da ƙafa ya taho daga ƙasar Kano, ya ratsa Cadi da Sudan, ya tsaya nan ya yi noma, ya tsaya can ya yi ɗinki, ba don komai ba sai don ya riƙa salla a Harami. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya yi magariba ko lisha a gida ba. Zai fita da sauran rana, bayan lisha ya dawo tare da wani amininsa, hannu cikin hannu kamar yadda dattawa suke yi, a rabu a bakin ƙofa. A gindin matakala akwai ƙusa, a jikinta fitilar ƙwai tana ci. Duk wanda ya shigo sai ya ɗauka ya hau da ita.

Ni a lokacin na dawo gida bayan rasuwar mijina, matar yayana kuma ta tafi gidansu goyon ciki, don haka girki da hidimar gida duk a wuyana suke. Yayana ɗan kasuwa ne, mutumin kirki, sai dai Allah ya zuba masa son a sani. Ranar da mai aikin wuta ya zo da akwatin fitilu don a zaɓa, Yaya ya zauna yana nuni da yatsa sai ka ce shi ya ƙirƙiro wutar. Majalisa ya zaɓa mata najafa, wato irin fitilar nan mai reto da ƙwayoyin gilashi. Ɗakin Baba ya ce a sa mai koren murfi don kada ta dame shi. Nawa ɗakin aka ba ni wata mai kamar fure, ban ma so ta ba. Madafi ƙwai tsirara, wai ai hayaƙi zai ɓata mai kyau. Har saman soro, inda muke kwana da zafi, sai da aka yi masa tasa mai hular kwano. Muka bi ɗaki ɗaki, babu wanda ya ce uffan game da matakala. Ni ma ban ce ba. Mu da muka tashi haske yana bin mu a hannu, ina za mu tuna akwai wurin da ba ɗaki ba amma yana son fitilar kansa?

Da aka kunna, unguwa ta zo kallo. Yaya don murna ya tattara tsofaffin fitilunmu kaf, har ta jikin ƙusa, ya aika wa 'yan'uwanmu na unguwar Hindawiyya da wuta ba ta kai musu ba.

A daren farko na ji an buɗe ƙofa bayan lisha, amma ban ji takun Baba ba. Na jira, shiru. Da na leƙo daga madafi sai na gan shi zaune a kan matakalar farko, ya dafa bango da hannu ɗaya.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Zo nan, uwata, ki rage murya." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya gaya mini ya daɗe da dundumi, da rana ta faɗi idonsa sai a hankali. A hanya amininsa ne idonsa, a gida kuwa fitilar nan ce. Ya ce, "Kada yayanki ya ji. In ya ji, gobe zai sauko da ni ɗakin ƙasa, ya ce na daina fita da yamma. Don ƙauna zai yi, amma ya kashe ni."

Na ce to zan riƙa jiransa ina riƙe masa hannu, ko in samo wata fitilar. Ya girgiza kai. Ƙofar majalisa a buɗe take kullum, Yaya da baƙinsa suna ciki. Su ga 'yarsa tana jan sa, ko su gan shi da fitilar ƙwai a gidan da ake zuwa kallon wuta? Ranar dai na hau da shi a hankali. Washegari da la'asar ya ce gwiwarsa tana ciwo. Na ji kiran magariba yana tasowa daga Harami, na ji Baba ya tayar da salla shi kaɗai a ɗakinsa. Wallahi sai da na yi kuka a gaban murhu. Mutumin da ya ci shekaru a hanya don wannan sallar, matakalar gidansa ce za ta raba shi da ita? Nan na ƙudura a raina sai an sa fitila, kuma ba zan tona shi ba.

Da safe na tari Yaya. Ya yi dariya ya ce, irin yadda 'yan Makka suke kiran mace, "Ya sheha, matakala ɗaki ce? Wa yake zama a matakala?" Ya ce an riga an shafe bango da farar ƙasa, ba zai sa a sake fasa shi ba, kuma mai aikin wutar yanzu ko manya layi suke bi. Na sake yi masa magana da rana, ya ce, "Halas, an gama." Da na ga ba sarki sai Allah, sai na ce masa ni ce ba na gani da daddare. Ya ce, "Ke da kike hango kuskuren mutum daga Jidda?" Ya sa takalmi ya fice.

To, ranar Alhamis da daddare Yaya yana da baƙi, abokan kasuwancinsa. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka da kukar da alhazan shekarar suka kawo mana daga gida, ƙamshi ya cika gidan. Na jera komai a faranti, na ajiye a gindin matakala, na koma na zauna. Yaya ya ƙwala kira daga majalisa, na yi kamar ban ji ba. Ya sake, na ɗaga murya yadda baƙin za su ji, na ce, "Yaya, na gaya maka ba na gani. Ga shi nan a ƙasa."

Kunya ta sa ya sauko da kansa, yana huci. Abin da bai sani ba, kuma ni ma sai ranar na gane, wanda ya fito daga ƙarƙashin najafa ya faɗa duhu, makaho ya fi shi. Saukowar dai ya lallaɓa da bango. Da ya ɗauki faranti hannu biyu ya juya, a kwanar matakala ta farko ƙafarsa ta zame. Allah ya tsare bai ji ciwo ba, amma farar rigarsa ta sha miyar kuka tun daga wuya har gwiwa, kwano kuma ya gangaro yana ƙara har gabana. Ban yi dariya ba, ko da yake na sha wuya kafin in danne ta. Baƙin sun ci burodi da shayi.

Kwana biyu bai yi mini magana ba. A na uku sai ga mai aikin wuta da akwatinsa. Yaya ya tsaya can gefe ya ce, "Ki zaɓa, tunda ke ce makauniyar." Mutumin ya fito da masu ado, na ture. Na ce ina son farin ƙwai mai ƙarfi, ba murfi, ɗaya a kowace kwana, kuma a sauko da su ƙasa-ƙasa yadda hasken zai faɗa a kan inda ake taka ƙafa. Makunnin kuma a sa shi daidai inda ƙusar nan take, don hannu ya riga ya san wurin. Mutumin ya ce irin waɗannan a rumbun kaya ake sa su. Na ce na ji, su nake so.

Ranar da la'asar Baba ya ce gwiwa ta yi sauƙi, ya ɗauki carbinsa ya fita. Bayan lisha ina madafi na ji ƙofa, na ji ƙas, haske ya zubo har bakin murhu. Baba ya tsaya a ƙofar madafi, Yaya kuma yana leƙowa daga sama. Baba ya gyara murya ya ce, "Uwata, na ji an ce idonki ne ba ya gani. Allah ya ba ki lafiya."

Na sunkuyar da kai na ce, "Amin, Baba."

Ya juya ya hau, taku ɗaya bayan ɗaya, bai ko taɓa bango ba. Daga ranar bai ƙara yin magariba a gida ba sai a ciwon ajalinsa. Yaya kuwa har ya tsufa yana tsokanata da makauniya, ni kuma ina amsawa.

Abin da na koya shi ne, in za ka haskaka gida, kada ka tsaya ga inda baƙo zai zauna ya yaba. Ka duba inda mai rauni yake bi shi kaɗai, wanda ba zai buɗe baki ya roƙa ba. In kuma rufin asirinsa ya zama sai an yi maka dariya, ka bari a yi.