Filaye Goma Sha Ɗaya da Mai Sanda Bai Auna Ba

Ranar Talata, tara ga watan jiya, ina ofis ina jiran sauran alƙalumanka, ƙaninka ya kira ya ce ka rasu da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Mako uku ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Na gaji, Mai Sanda, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Shekara goma sha shida muna zana taswirar tsayin itatuwan daji, domin masu kashe gobara su san inda wuta za ta bi, da inda za su share hanya su tare ta. Jirgi ke auno tsayin daga sama, ni in zuba a kwamfuta. Kai kuwa da ƙafa kake shiga, riƙe da sandar awon da ta ninka ka tsayi sau uku, kana auna abin da jirgi ba ya gani, wato tazarar ƙasa zuwa reshen farko. Kakan ce, "Ƙanena, jirginka hula kawai yake gani. Wuta ta ƙafar wando take kamawa."

Ranar da na fara bin ka daji da takalmin ofis, ƙafata ta yi bororo. Ka cire naka ka ba ni, ka dawo sanye da silifas ɗin direba. Ka tsokane ni a kai ya fi sau ɗari, amma ba ka taɓa yi a gaban mutane ba.

Ba ka rubuta lamba sai ka tsaya ƙarƙashin itacen. Filin da ba ka taka ba, fari kake barin gurbinsa. Bana saura filaye goma sha ɗaya, duk a bayan wani ƙauye mai gida arba'in. Kwamfuta ta ce itatuwan dogaye ne, wuta ba za ta hau su ba, ba sai an share hanya ba. Na ce, "Yaya, rani ya zo, mu cike da kiyasi." Ka ce, "Kai za ka kwantar da 'ya'yanka a bayan kiyasi?" Na fita ban yi maka sallama ba. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan rasuwarka shugaban ofis ya ce in cike da kiyasi in miƙa. Na je gidanka neman sandar, kunya kamar in nutse. Mai ɗakinka ta ɗauko ta daga bayan ƙofa, ta ce, "Ungo. Dama ya ce za ka zo nemanta idan ka huce."

Kwana uku na yi kafin in gama fili huɗu. Rassan a gwiwata suke, ƙarƙashinsu busasshiyar ciyawa. Na miƙa taswirar da gurbi bakwai fari, na rubuta cewa a share hanya bayan ƙauyen. A ofis sun ce za su duba. Gobe zan koma auna sauran, ko da yake gwiwoyina sun fara ƙi.

Ka yafe mini, Yaya. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya tsare ka daga wutar da ta fi kowace wuta. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka biyar, da ƙaninka. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.