Tallar Sati Biyu

Wata mata ce ta janye mayafinta, ta ba Inna wuri a bencin asibiti. Siririya ce, da allurar ƙarin ruwa a hannu, amma yatsanta ba ya hutawa. Hotunan jakunkunan da take ɗinkawa take jerawa a waya, kowanne da rana da lokacin da zai fita da kansa a shafinta na intanet.

"Yau za a yi mini aiki, Inna. In shafina ya yi shiru, masu saye sun gudu."

Inna na jan carbi, tana tunanin yara nawa ke ci daga yatsan nan.

Aka kira matar. Ta miƙe, ta waiwayo.

"Tallar sati biyu na tsara. Ki roƙa mini Allah in saka ta sati na uku da hannuna."