Buhun Simintin Eugène

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a Lagdo ya san Bukar Mai Banda, mutum mai jan ido saboda hayaƙi, ga taurin kai kamar busasshiyar tarwaɗa. Bayan salla, abu biyu ya riƙe a duniya: ƙungiyar ƙwallon 'ya'yan masunta, wadda ko takalma ba sa isar 'yan wasanta, da kuma Eugène, abokin da suka tashi tare a bakin ruwa kafin aikin kamfanin siminti ya kai shi Figil.

Ranar da za su rabu ne Eugène ya tsokane shi, wai ƙungiyar nan har abada ba za ta ɗauki kofin yankin Garwa ba. Bukar ya harzuƙa, suka ƙulla: duk shekara, wanda ya faɗi shi zai taka har gidan ɗan'uwansa. Bukar zai kai bandar giwan ruwa, Eugène kuwa buhun siminti na gyaran murhun bandar Bukar. In liman ya yi masa faɗan caca sai ya ce, "Allah gafarta Malam, ina caca a nan? Zumunci ne kawai."

Shekara da shekaru Bukar na shan kaye. Da an gama kakar wasa zai naɗe kifinsa ya hau motar Figil, Eugène ya yi ta masa dariya har sai ya gaji. Yakan dawo yana mita, amma kowa na ganin ya yi ƙiba.

Sai ga shi bara waccan yaran sun ɗauki kofin. Bukar ya yi rawa a kasuwa da furfurarsa, ya sa aka share ɗaki, ya buga waya.

"Mutumina, bana kai ne da tafiya!"

Eugène ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Ina tafe, Bukar. Ka ɗan yi mini haƙuri."

Haula, matar Bukar, ta ce, "Malam, muryar nan ba ta mai lafiya ba ce. Ka je ka gano shi."

"Ni fa na ci! Ko sama da ƙasa za su haɗe, ba inda za ni."

Wannan maganar ce ke cin ransa har yau.

Ya yi ta jira, ruwan tafkin Lagdo ya ja baya. Wata ranar kasuwa Flore, 'yar Eugène, ta sauko daga mota cikin baƙaƙen kaya, yaran mota suka dire buhu a gabansa.

"Baba Bukar, Papa ya rasu. Shi ya hana a gaya maka yana kwance, wai sau ɗaya ka taɓa ci, kada a sa ka sake yin tafiyar. Ya ce a kawo maka wannan."

Murhun yana nan a tsage, ba a gyara ba. Buhun ma ba a buɗe ba, damina ta daskarar da shi, a kansa Bukar ke zama yana juya kifi. In yara suka zo da murna ƙungiya ta ci wasa, ba ya ɗaga kai.

"Da ma sun faɗi waccan shekarar," in ji shi, "da na gan shi."